Na biya kuɗin kwamfiresa, mai shago bai kawo ba kuma ya riƙe kuɗin: ina mafita?

Tambaya: Ni ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a gida a Kano. Kwamfiresan firizata ya ƙone, mai gyara ya rubuta mini lambar wanda zan saya. Wani mai shago ya ce babu a ƙasa amma zai kawo daga Legas cikin sati biyu, na tura masa naira 185,000 ya ba ni rasit. Yau sati bakwai. Da farko ya ce kaya na hanya, sannan ya ce direba ne ya ɓatar, yanzu kuma wai dala ta tashi, ko in ƙara 40,000 ko in ɗauki wani kaya a shagon. Na ce a ba ni kuɗina, ya nuna mini ƙasan rasit inda aka rubuta ba a mayar da kuɗi. Ɗana ya ce mu kai shi wajen 'yan sanda. Me doka ta ce?

Amsa:

Hajiya, kuɗinki naki ne, kuma rubutun ƙasan rasit ɗin ba zai hana ki karɓarsu ba. Sai dai kafin ki ɗaga ƙafa zuwa ko'ina ina so ki tuna kalaman da kuka yi ranar cinikin, domin duk shari'ar a kansu za ta tsaya. Shin cewa ya yi "na sayar miki a kan 185,000, zan kawo nan da sati biyu", ko kuwa cewa ya yi "kawo kuɗin in sayo miki, ki ba ni na wahala"? A kunnen mai saye duk ɗaya ne, amma a gaban alƙali abu biyu ne mabambanta. Na farko ciniki ne: kwamfiresa ya zama bashi a wuyansa, ko dala ta tashi ko ta faɗi, riba tasa, asara tasa. Na biyu aike ne: ya zama wakilinki, kuɗin amana ne a hannunsa, idan farashi ya tashi da gaske ke za ki cika, shi kuma dole ya nuna inda ya kai kuɗin, in bai saya ba ya dawo da su cif. Masu shago da yawa sukan fara da ciniki, in abu ya rikice su koma cewa ai taimako suka yi. Rasit ɗin da ya ba ki shi ne zai toshe masa wannan ƙofa. Idan an rubuta sunan kaya da farashi da "an biya", ciniki ne, kuma a kan haka zan ci gaba da magana.

Dokoki biyu ne suke aiki a nan. Akwai tsohuwar dokar saye da sayarwa ta Ingila ta 1893, wadda muka gada saboda tana cikin dokokin da suke aiki a can ranar 1 ga Janairun 1900. Wasu jihohi sun sake rubuta tasu amma ƙashin bayan ɗaya ne. Sannan akwai dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar hukumar kare masu saye, CPC. Dokar 1893 ta ce aikin mai sayarwa ne ya miƙa kaya bisa sharaɗin da aka yi, in ba a yanka rana ba to cikin lokacin da hankali zai ɗauka, kuma wanda ya biya bai samu komai ba yana da ikon karɓo kuɗinsa. Sabuwar ta ƙara a sashe na 120 cewa mai saye yana da ikon soke odar da ya bayar tun kafin a kawo, illa dai mai kaya zai iya cire ɗan abin da ya dace na ɗawainiya. Ki lura, wannan cirewar ta wanda ya fasa ne don ra'ayin kansa. Ke ba fasawa kika yi ba, shi ya saɓa, don haka ko sisi bai kamata ya taɓa ba.

Maganar "ba a mayar da kuɗi" kuwa, sashe na 129 ya hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙin da dokar ta ba shi. Kotu ma ta taɓa yanke hukunci a kai. A 2022 wata babbar kotun jihar Enugu ta saurari ƙarar wani lauya da ya sayi tikitin mota na naira 500 a kamfanin Peace Mass Transit, ya zauna awanni mota ba ta tashi ba, ya nemi kuɗinsa aka ce ba a mayarwa. Kotu ta ce wannan tsari ya saɓa wa dokar 2018, ta kuma sa kamfanin ya biya shi diyyar naira 500,000. Ko babu wannan hukuncin, hankali ma ya ishe mu: rubutun an yi shi ne don wanda ya karɓi kaya ya tafi da su gida sannan ya canza shawara. Wanda bai ga kayan da idonsa ba, me zai mayar? Haka nan cewa ki zaɓi wani kaya a shago tayi ne kawai. In kin ga dama ki karɓa, in ba ki so babu mai tilasta ki ɗauki fanka alhali kwamfiresa kika biya.

Uzurin direba ya fi na dala ƙarfi kaɗan, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. A dokar 1893, idan an yi da mai sayarwa cewa ya aiko wa mai saye kaya, miƙa su ga direba ko kamfanin sufuri ana ɗaukarsa tamkar an miƙa wa mai saye, sai dai in an yi wani sharaɗi daban. Wato da a ce ke kika kira dila a Legas kika ce ya sa miki a mota, ya sa, ya turo miki webil, wato takardar shaidar ɗora kaya a mota, to in kaya ya ɓace a hanya rigimarki da direba ce. Naki ba haka yake ba. Ke da mai shagon Kano kuka yi ciniki, a shagonsa za ki karɓa, shi ya zaɓi wanda zai sayo wa da wanda zai ɗauko. Kafin wani kwamfiresa takamaimai ya zo a ware a ce wannan na Hajiya ne, babu abin da ya zama mallakarki, kuma abin da ba naki ba ba zai ɓace a aljihunki ba. Ki tambaye shi webil ɗin da lambar direban ki ga. Ina kyautata zaton ba zai kawo ba, domin a irin waɗannan ƙararraki abin da ya fi yawa shi ne an juya kuɗin a wani cinikin ana jiran ya fito.

Yanzu ga inda haƙurinki ya ɗan rage miki ƙarfi. Sati biyu kuka yi, ya wuce, kika ci gaba da kira ana ce miki gobe, jibi, kina cewa to Allah ya kai mu. A idon doka kin yafe wa'adin farko ke nan. Ba haƙƙinki kika yafe ba, ranar kika yafe. Idan kika tashi yau kika ce kin soke, lauyansa zai iya cewa ai ke kika amince a jira, kayan ma ga shi nan tafe. Maganin wannan sananne ne, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta fayyace shi a 1950 a shari'ar Rickards da Oppenhaim. Wani mutum ya ba da odar a ƙera masa gangar jikin mota Rolls-Royce cikin wata bakwai, aka saɓa, ya yi ta haƙuri, daga baya ya rubuta cewa nan da sati huɗu in ba a gama ba ya fasa. Ba a gama ba, ya ƙi karɓa, kotu ta ce yana da gaskiya: wanda ya yi sassauci yana da ikon yanka sabuwar rana, muddin ya ba da lokaci daidai gwargwado kuma ya faɗa a fili.

Saboda haka abin da za ki fara yi, tun kafin shugaban kasuwa ko hukuma ko kotu, shi ne takarda. Ba sai lauya ya rubuta ba, Hausa ma ta wadatar. Ki sa ranar da kika biya, adadin kuɗin, sunan kwamfiresan da lambarsa, da alkawarin sati biyu. Sannan ki ce kin ba shi kwana 14 daga ranar takardar, ya kawo wannan kayan a kan farashin da kuka yi ko ya mayar da 185,000 a asusu kaza, in ya wuce kin soke cinikin kuma za ki nemi kuɗinki da asarar da ya jawo miki. Kada ki sa zagi, kada ki sa barazanar kamu. A yi kwafi biyu, a kai masa shago da shaida, ya sa hannu a ɗaya. In ya ƙi, shaidar ya rubuta rana da lokaci, ke kuma ki ɗauki hoton takardar ki tura masa ta WhatsApp. Na ce kwana 14 ne don dalili: kotun ƙananan basussuka ita ma sai an aika takardar neman biya an jira kwana 14 take karɓar ƙara, ko da yake tana da nata fom ɗin da ake karɓa wajen magatakarda, don haka in kin san can za ki nufa ki fara da nasu kai tsaye.

Ki adana komai. Rasit, alat ɗin banki, saƙonnin murya da yake cewa kaya na hanya, musamman wanda ya nemi ƙarin 40,000, domin wannan shi da bakinsa ya amsa cewa ya karɓi kuɗi kuma bai kawo ba. Kada ki goge, kada ki sayar da wayar. Dokar shaida ta 2011 tana karɓar irin waɗannan amma akan nemi bayanin na'urar da suka fito. Ki kuma duba sunan da ke kan asusun da kika tura wa. In sunan yaron shago ne ko wani ɗan'uwa, ba matsala ba ce tunda an ba ki rasit ɗin shago, amma ki sa sunan mai asusun a takardarki, kuma in an je kotu a haɗa da shi. Banki kuwa kada ki ɓata lokacinki: turansfa da kika yi da hannunki ba a janyo ta sai da yardar wanda ya karɓa ko umarnin kotu.

To nawa za ki iya nema? Na farko uwar kuɗi. Na biyu bambancin farashi. Dokar 1893 ta ce idan mai sayarwa ya ƙi miƙa kaya, ana auna asarar mai saye da ratar da ke tsakanin farashin da aka yi da farashin kasuwa a lokacin da ya kamata a kawo. Ma'ana in kika je wani shago kika saya a 225,000, wannan 40,000 da yake cewa ki ƙara, shi ne zai biya ki ita. Tashin dalar da yake kafa hujja da shi hujja ce a kansa.

Na uku shi ne cinikin ƙanƙarar da kika rasa, kuma a nan ba zan yi miki alkawari mai daɗi ba. Ƙa'idar da kotunanmu suke bi ta fito ne daga wata shari'a ta 1854, Hadley da Baxendale, wadda ita ma a kan kayan gyara aka yi. Wani ƙarfe ne na injin niƙa ya karye a garin Gloucester, masu injin suka ba kamfanin sufuri ya kai shi Greenwich don a ƙera sabo a kan samfurinsa, aka yi jinkirin kwanaki, injin yana tsaye. Suka nemi ribar da suka rasa, kotu ta hana, ta ce ɗan sufuri ba shi da hanyar sanin cewa ba su da wani ƙarfen a ajiye. Abin da ake biya shi ne asarar da kowa ya san za ta biyo baya, ko wadda aka sanar da ɗaya ɓangaren tun lokacin ƙulla ciniki. A 1949 aka yi wata, ta wani kamfanin wanki da guga mai suna Victoria Laundry da aka kawo wa tukunyar tururi bayan wata biyar. Su an ba su ribar yau da kullum, domin mai sayarwa ya san sana'arsu kuma ya san suna gaggawa. Don haka tambayar ita ce: ranar da kika biya, kin gaya masa firizar ta sana'a ce, da ita kike ci? In akwai saƙon da ya nuna haka, kina da ƙafar tsayawa. Sai kuma lissafi. Alƙali ba ya karɓar "ina samu sosai". Yana son littafi, ko alat na masu sari, ko shaidar yaran da suke kai miki talla. Matanmu masu sana'a a gida kaɗan ne suke rubutawa, kuma a nan ake cin su.

Doka kuma tana sa ran ki rage wa kanki asara. Ba za ki bar firiza a kashe har azumi ya zo ya wuce ba sannan ki ce ya biya ki cinikin wata guda na ƙanƙara. Da zarar wa'adin takardarki ya cika, in da hali ko da rance ne, ki saya a wani wuri, ki karɓi rasit, ki tada sana'arki, sannan ki bi shi bashin.

Tunda a Kano kike, in ku biyun Musulmi ne kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron irin wannan. A fiƙihu, biyan kuɗi yanzu don kayan da aka siffanta za a kawo daga baya shi ake kira salam, kuma an halatta shi da sharaɗin a san siffa, a san adadi, a san wa'adi. Kayan suna zama bashi a wuyan mai sayarwa, tsadarsu ba ta sauke masa shi, in kuma sun gagara samuwa mai saye ke da zaɓi, ya jira ko ya karɓi uwar kuɗinsa. Mai hali da yake jan bashi kuwa hadisi ya kira aikinsa zalunci. Bambancin da ya kamata ki sani shi ne, a can in kika zaɓi kuɗi, abin da kika bayar shi za a ba ki, ba a ɗora ƙari don an daɗe. In kina ganin kayan sun yi tsada, to ki nemi a tilasta shi ya kawo kwamfiresan da kansa, wannan ya fi miki.

Batun 'yan sanda, ki gaya wa ɗanki ya dakata. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kotuna kuma sun sha nanata cewa caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne. Na san ana yi, na kuma san wani lokaci yana fitar da kuɗi cikin kwana ɗaya. Amma mai shagon da ya san lauya zai iya juyowa ya kai ƙarar ke da 'yan sandan kan tauye masa 'yanci, ki wayi gari ana bin ki abin da ya fi 185,000. Inda maganar take zama laifi shi ne in tun farko yaudara ce: shagon ba nasa ba ne, ko ya rufe ya gudu, ko kin gano ya karɓi kuɗin mutane da yawa a kan kayan da bai taɓa yin oda ba. Wannan zamba ce a dokar hukunta laifuffuka ta Penal Code, kuma a nan rahoto ya dace. Ki kuma yi hattara da Facebook. A 2023 an kama wata mata a kan abin da ta rubuta game da wani tumatirin gwangwani, shari'ar ta ja ta dogon lokaci. In har za ki rubuta, ki tsaya a kan abin da rasit ya nuna, kada ki kira shi ɓarawo.

A ganina hanyar da ta fi sauri ita ce shugabannin kasuwarsu. Ki je da namiji babba a gidanku da kwafin takardar, ku samu shugaban layin ko na ƙungiya. Ɗan kasuwa ya fi jin kunyar abokan sana'arsa fiye da sammaci, kuma su sun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In an sasanta cewa zai biya kashi-kashi, a rubuta ranaku da adadi, shugaban ya sa hannu, a kuma rubuta cewa in ya tsallake kashi ɗaya sauran duka sun zama na biya nan take. Kada ki miƙa ainihin rasit ɗinki ga kowa sai kuɗin ƙarshe ya shiga.

In wannan ya ci tura, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano, akwai FCCPC da take karɓar ƙorafi ta intanet ba tare da ko kwabo ba. Dokar ta ba FCCPC ikon bincike da ba da umarni, kuma hukuncin take haƙƙin mai saye yana iya kaiwa tarar naira miliyan 10 ko ɗaurin shekara 5 ga mutum ɗaya. Wasiƙarsu kaɗai takan sa mai shago ya nemi sulhu, amma aikinsu yana da yawa, ba na ba ki shawarar ki zauna jiransu kawai, kuma sashe na 146 bai ce sai kin bi ta wajensu kafin kotu ba. Kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019 don irin wannan aka yi ta: majistare ne yake zama, ba dole sai da lauya ba, fom ake cikewa, kuma an tsara a gama cikin kwana 60. Ki rubuta sunan wanda kike ƙara daidai. In shagon kamfani ne mai rajista, sunan kamfanin za ki sa. In sunan kasuwanci ne kawai, ki sa sunan mutumin da na shagon tare. Ana duba wannan kyauta a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Bayan hukunci in ya ƙi biya, kotu tana iya umartar bankinsa ya cire, ko a kwashi kayan shago a yi gwanjonsu, amma sai kin koma kin nema, ba ya faruwa da kansa.

Abu ɗaya da ba ki faɗa ba: a ina kika sayi firizar, kuma yaushe? In a wannan shagon ne kuma ba ta cika wata uku ba ta lalace, sashe na 132 na dokar 2018 ya ba ki ikon mayar da ita a gyara, ko a canza, ko a ba ki kuɗinki, wato kwamfiresan ma bai kamata ki biya ba. In akwai katin garanti, ki duba wa'adinsa.

Mai yiwuwa ne takardar tana isa kwamfiresa ya bayyana cikin kwana uku. Kada ki karɓa ke kaɗai. Ki je da mai gyaranki ya duba lambar da ƙarfinsa da irin gas ɗin da yake ɗauka, domin wanda aka matsa wa lamba yakan ɗauko na hannu ya goge ya sa a kwali. Sashe na 117 na dokar 2018 ya wajabta a bayyana wa mai saye in kaya na hannu ne ko gyararre, kuma in sabo kika biya kina da ikon ƙin karɓar wani abu daban. In ya yi daidai, a rubuta lambar jikinsa da ranar karɓa a bayan rasit, mai shago ya sa hannu, domin daga wannan ranar wata ukun kwamfiresan yake fara ƙirguwa.